Ragowar Ƙullu da Irin Tsami a Ojoo

Wannan sharhi ya shafi ragowar ƙullu, wato ɗan abin da ke saura a gindin roba ko ƙwarya bayan mai waina ta tashi daga bakin tanda, da kuma ruwan da ke kwanciya a kan gasara bayan an tace kamu, abubuwa biyu da mutane da dama a yau suke ɗauka shara ce wadda ba ta da wurin zuwa sai kwata, alhali a tsarin girkin Hausa na asali su ne irin da ake tayar da ƙullun gobe da shi. Batun ya fi shafar Hausawan Ojoo da kewayenta a birnin Ibadan, wanda mutanen Arewa suka fi kira Badun, domin a can ne girkin da aka gina bisa yanayin Kano da Katsina da Sakkwato ya samu kansa a ƙasa mai laima da yawan ruwan sama, inda ƙullu ke tashi da wuri kuma yake lalacewa da wuri.

Zaman Hausawa a Badun ya daɗe, kuma tun farkonsa abinci yana cikin ginshiƙansa. An kafa unguwar Sabo a kusa da Mokola a shekarar 1916, 'yan shekaru bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, lokacin da fataucin shanu daga Arewa da na goro daga Kurmi ya bunƙasa har ya buƙaci masauki na dindindin. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 kuma ya fitar da littafinsa a kan unguwar a 1969, ya nuna yadda matan aure da ke cikin kulle suke gudanar da sana'ar dafa abinci daga cikin gidajensu, yara suna kai musu talla, baƙin fatake da ke sauka wurin masu gida kuma su ne manyan masu saye. Da Sabo ta cika, sai zama ya faɗaɗa zuwa Ojoo da Sasa, inda babbar hanyar da ta taso daga Legas ta ƙare, hanyar Oyo da Ogbomosho da Ilori kuma ta fara. Direbobin manyan motoci, da 'yan dako, da masu sauke tumatir da albasa da attarugu, dukkansu suna neman koko da ƙosai da asuba, waina da miyar taushe da hantsi, kuma duk wannan ciniki a kan ƙullu ya dogara.

Ƙullu shi ne hatsin da aka jiƙa aka markaɗa, ko garin da aka kwaɓa da ruwa, aka ajiye shi ya kwana kafin a toya ko a dama. Abin da ke faruwa a cikinsa a wannan kwana aikin wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda suke zuwa daga jikin hatsin kansa, da hannun mai aiki, da mazubin da aka saba amfani da shi. Iri biyu ne suka fi muhimmanci. Na farko su ne bakteriya masu samar da tsami, waɗanda suke cin sukarin da ke cikin hatsi su fitar da sinadarin tsami irin wanda ake ji a nono, kuma Bafaranshen nan Louis Pasteur ne ya bayyana a 1857 cewa rayayyun halittu ne ke yin wannan aiki. Na biyu shi ne yis, wanda shi ma sukari yake ci, amma abin da yake fitarwa iska ce da ake kira kabon dayoksaid, ita ce take cika ƙullu da ƙananan ƙofofi har a ce ya tashi. Alkama tana da wani danƙo da ke riƙe wannan iska, shi ya sa funkaso da gurasa suke kumbura ba tare da wata dabara ba, amma shinkafa ba ta da shi, don haka ne mai waina take dafa wani kaso na shinkafar ta haɗa da ɗanyen ƙullu, domin dafaffen sitaci ya ba shi kauri ya kuma ciyar da yis.

Masana suna auna ƙarfin tsami da wani ma'auni da ya tashi daga 0 zuwa 14, inda ruwa mai tsabta yake kan 7, kuma gwargwadon yadda lamba take sauka, gwargwadon yadda tsami yake ƙaruwa. Ƙullun da ya yi tsami sosai yana sauka zuwa wajen 4 ko ƙasa da haka, kuma a wannan mataki yawancin ƙwayoyin cutar da ke haddasa gudawa ba sa iya hayayyafa. Wannan shi ne sirrin da ya sa kamu yake kwana da kwanaki a cikin zafi bai ruɓe ba, alhali dafaffiyar shinkafa da aka bari a buɗe ba ta kai ko'ina. Wani bincike da Patience Mensah da abokan aikinta suka yi a Gana, wanda mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 1990, ya gano cewa kunun yaye da aka yi da ƙullun masara mai tsami ya fi wanda ba shi da tsami ƙarancin ƙwayoyin cuta, kuma a watan Disamba na 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi taro a Firitoriya ta Afirka ta Kudu musamman domin nazarin wannan hanya ta kare abinci a gidajen da ba su da firji. Ban da kariya, tsami yana rage wani sinadari da ke cikin dusar hatsi wanda yake hana jiki shan ƙarfe da zink daga abinci.

A nan ne darajar ragowa take fitowa fili. Sabon ƙullun da aka bari ya yi tsami da kansa fili ne da kowace irin halitta take neman mamayewa, masu amfani da masu cutarwa, kuma sai an ɗauki sa'o'i masu yawa kafin masu tsamin su rinjayi sauran. Amma idan aka zuba masa ludayi guda na ƙullun jiya, to an shigar da runduna ce wadda ta riga ta ci yaƙi, tana da yawa kuma ta saba da irin hatsin, sai tsami ya sauka da sauri, tashi ya zo a kan lokacin da aka sani, ɗanɗano kuma ya zama iri ɗaya kullum. Matan Fulani sun daɗe da sanin haka, domin ɗan nonon jiya suke zubawa a madarar yau, kuma ƙwaryar da aka daɗe ana ajiye nono a cikinta takan riƙe irin a jikinta ko da an ɗauraye ta. Hausawa suna cewa da tsohuwar zuma ake magani, kuma a sana'ar waina maganar ta zauna daidai, domin abin da ya sa wainar wani gida take da ƙamshin da ba a samu a maƙwabta, ko da shinkafa ɗaya aka saya a kasuwa ɗaya, shi ne irin da ya daɗe yana zagayawa a robar wannan gida.

Yis na leda ya sauya wannan lissafi. Busasshen yis ya yaɗu a duniya bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samfurin da ake zubawa kai tsaye ba tare da an jiƙa ba kuma kamfanin Lesaffre na Faransa ne ya fito da shi a 1973, kuma a yau da wuya a samu mai kanti a Ojoo ko Bodija da ba ya sayar da shi a ƙulle-ƙulle. Ba a musun amfaninsa, domin matar da aka ba kwangilar wainar suna ko ta walima da yamma tana iya cika alkawari da safe ba tare da fargaba ba. Sai dai yis na leda halitta ɗaya ce tak da aka zaɓa saboda saurin fitar da iska, ba ya zuwa da masu tsami, don haka ƙullun da ya tashi da shi cikin 'yan sa'o'i yakan kumbura ba tare da ya nuna ba, wainar ta fito da laushi amma salam, sai a bi ta da sukari domin a rufe rashin ɗanɗano. Abin takaicin da ya fi wannan shi ne, 'yan mata da yawa da suka koyi sana'ar a shekarun nan ba su taɓa ganin an ajiye iri ba, kuma ilmin da ba a rubuta ba, idan ya tsallake tsara ɗaya, dawo da shi yana da wuya.

Abin lura shi ne, a daidai lokacin da ake sakin wannan hanya a nan, a ƙasashen da suka ƙirƙiro yis na leda komawa gare ta ake yi. Burodin tsami, wanda ake tayarwa da tsohon kwaɓin fulawa da ruwa, shi ne burodin da duniya ta sani tun zamanin Misira ta dā, kuma a birnin San Faransisko na Amurka akwai gidan burodi mai suna Boudin da aka kafa a 1849, wanda yake alfahari da cewa irin da ya fara da shi ne yake ci gaba da rayawa. A garin Sankt Vith na Beljiyam kamfanin Puratos ya buɗe ma'ajiya a 2013 inda ake tara irin tsami daga ƙasashe daban-daban ana ciyar da su. Da annobar korona ta tsare mutane a gida a 2020, yis ya yi wuya a kantunan Turai da Amurka, sai dubban gidaje suka koma kiwon iri. Matsalar da suka ci karo da ita kuwa ita ce, mai kiwon iri da ba ya gasa burodi kullum dole ne ya riƙa kwashe wani kaso kafin ya ƙara sabuwar fulawa, in ba haka ba kwalba ta cika ta tumbatsa, kuma wannan kason da ake kwashewa ne suka shiga neman yadda za su ajiye shi su yi girki da shi maimakon zubarwa. Mai waina da ke toyawa kullum ba ta da wannan matsala, domin sana'arta da kanta take ciyar da irin. A Habasha ma haka abin yake, inda ruwan da ke taruwa a kan ƙullun injera, wanda suke kira ersho, shi ake ajiyewa domin tayar da na gaba, kuma matan Sudan da tsohon ƙullu suke tayar da na kisra.

Sai dai lissafin lokaci da aka gada daga Arewa ba ya aiki yadda yake a Badun, kuma wannan ne kuskuren da ya fi jawo wa sababbin zuwa asara. A Kano, daren hunturu yakan yi sanyin da ma'aunin zafi yake sauka ƙasa da digiri 15, har sai an lulluɓe ƙullu ko an kai shi kusa da murhu kafin ya motsa, iska kuma busasshiya ce a mafi yawan shekara. A Badun kuwa dare ba ya yin irin wannan sanyi sai ɗan taƙaitaccen lokaci a Disamba da Janairu, ruwan sama yana farawa tun wajen Maris ya kai Oktoba, laima kuma ba ta barin ɗaki. Ƙullun da aka haɗa bayan la'asar da niyyar toyawa da asuba, kamar yadda ake yi a gida, yakan tashi ya faɗi tun tsakar dare, gari ya waye ya tsinke ya yi tsami mai kaifi, ya riƙa shan mai yana kama tanda. Injin markaɗe ma yana ƙara masa zafi, musamman idan an daɗe ana aiki da shi. Maganin abin shi ne a jinkirta haɗawa zuwa bayan isha'i, a rage yawan irin da ake zubawa, a kuma ajiye robar a ƙasa a wuri mafi sanyi a gidan. A gwargwado, kashi ɗaya cikin goma na yawan sabon ƙullu ya isa, a lokacin zafi ma rabin haka yana yi, kuma mai auna shinkafarta da kongo, wato mudun da ake awo da shi a kasuwannin Badun, za ta gane adadin ludayin da ya dace da ita bayan gwaji biyu ko uku.

Ƙa'ida ta farko wajen ajiya, wadda kuma aka fi karyawa, ita ce a cire iri kafin a zuba komai a ƙullu. Mai waina takan ƙara sukari da gishiri da albasa da ruwan kanwa dab da toyawa, wasu ma har da ƙwai ko madara, kuma abin da ya saura bayan wannan haɗi bai dace da zama iri ba. Dalili shi ne kanwa kishiyar tsami ce, idan suka haɗu sai ta kashe shi, iska ta fita, wanda shi ne ya sa ƙullun da ya faɗi yake sake kumbura idan aka sa masa ita ko bakin hoda. Amma tsamin da ta kashe shi ne garkuwar ƙullun, don haka ragowar da ke da kanwa da albasa da ƙwai ba ta da abin da zai kare ta a zafin rana, kuma hanyarta ɗaya ce, a toye ta a ranar. Yawan kanwa ma yana da nasa laifi, domin yana mayar da waina ruwan ɗorawa, yana sa mata bauri, yana kuma lalata sinadarin bitamin B1 da ke cikin hatsi. Irin da aka cire da tsabtataccen ludayi tun ƙullu yana zallansa shi ne ake zubawa a ƙaramin mazubi mai murfi, ba tare da an ɗaure murfin tamau ba, saboda iskar da ke ci gaba da fita tana iya fasa kwalba ko ta tumɓuke marfin roba.

Mazubin kansa yana da muhimmanci. Kwalba, da tukunyar ƙasa, da ƙwarya, da robar da aka yi domin abinci duk sun dace, amma tukunyar dalma ba ta dace da doguwar ajiya ba domin tsami yana cin jikinta, robar fenti kuwa, wadda ta zama mazubin kowa saboda arha, ba a yi ta domin abinci ba tun asali, kuma wanki ba ya ba da tabbacin cewa abin da ta ɗauka a dā ya fita. A waje, iri yana kwana ɗaya lafiya, idan kuma ba za a yi toyi washegari ba sai a ciyar da shi da ɗan garin shinkafa ko fulawa da ruwa mai tsabta, a zubar da rabi ko a yi girki da shi. A firji mai sanyin digiri 4 yana kai mako guda, domin sanyi yana kwantar da halittun ne ba ya kashe su, a cikin ƙanƙara kuma yana yin watanni, sai dai yana buƙatar a narkar da shi a ciyar da shi sau ɗaya ko biyu kafin ƙarfinsa ya dawo. Amma firjin da wuta take zuwa masa tana ɗaukewa ya fi zama haɗari a kan rashinsa, domin mai shi tana ganin abinta yana cikin sanyi alhali ya yini a ɗumi a rufe.

Saboda haka hanyoyin da ba su dogara da lantarki ba sun fi dacewa da yawancin gidajen Ojoo. Gasara tana daɗewa idan aka bar ta a ƙarƙashin ruwa ana tsiyaye na sama ana zuba sabo kullum, domin ruwan yana raba ta da iska, funfuna kuma ba ta tsira sai inda iska take. Wannan hanya ce da maƙwabta Yarabawa suka ƙware a kanta wajen ajiye ogi, wato kamunsu, kuma suna matse shi a buhu ya zama dunƙule mai ƙarfi wanda ya fi jure ajiya. Shanya ita ce ta fi kowace daɗewa, inda ake shafa iri siriri a kan faranti, a rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda, a bar shi a inuwa mai iska har ya bushe ƙayau, sannan a daka a zuba a kwalba. Rana mai tsanani tana kashe yis, damina kuma tana sa funfuna ta riga bushewa zuwa, don haka a Badun lokacin wannan aiki shi ne 'yan makonnin da buji ke kaɗawa a ƙarshen shekara, kuma matar da ta tanadi busasshen iri a lokacin ba ta da damuwa idan tafiya gida ta kama ta na wata guda.

Wajen girki kuwa, ƙullun wainar da ya wuce lokacinsa bai mutu ba, sauya masa aiki ake yi. Idan aka ƙara masa ruwa kaɗan aka zuba shi da faɗi a kasko aka rufe, sinasir ne, kuma sinasir yana karɓar tsamin da waina ba ta karɓa, musamman idan miyar da za a ci shi da ita tana da nauyi. Idan aka haɗa shi da fulawa aka bar shi sa'a ɗaya ko biyu, yana tayar da fanke da funkaso ba tare da yis ba, kuma alkaki, wanda dama sai kwaɓinsa ya kwana biyu ko uku ya yi tsami kafin a soya a tsoma a zuma ko sukari, yana samun sauƙi idan an sa masa ɗan iri. Ruwan tsami, wanda Yarabawa suke kira omidun, shi ne abin da aka fi yi wa rashin adalci, domin bokiti-bokiti ake kwararar da shi, alhali tuwon dawa ko na masara da aka tuƙa da shi ya fi daɗin ci kuma ya fi kwana lafiya har a yi ɗumame, kunu yana samun ɗanɗano da shi inda tsamiya ta yi tsada, kuma shi ne mafi sauƙin iri ga sabon kamu. Dusar da ta rage a rariya ta tumaki da kaji ce, kamar yadda ƙanzon tukunya yake komawa kwaɗo. Ganin yadda farashin fulawa da shinkafa ya hau bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022 da cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ludayi biyu da ake zubarwa kullum ba ƙaramin kuɗi ba ne idan wata ya zagayo.

Dole ne a ware ƙullun ƙosai daga duk wannan bayani. Wake ba hatsi ba ne, yana da yawan furotin, ƙullunsa ba a yi shi domin ya yi tsami ba, kuma kumburinsa daga bugu yake zuwa. Idan ya fara tsami to lalacewa ce ta fara, don haka ragowarsa ko dai a soye ta, ko a yi alala da ita nan take, ko a sa ta a ƙanƙara tun tana sabuwa.

Haka kuma tsami yana da iyakar abin da yake iya karewa, kuma wanda ya ɗauka yana maganin komai zai cutar da masu cin abincinsa. Ƙamshin nono ko na lemon tsami alama ce ta lafiya, ruwan da ya taru a sama mai ɗan duhu alama ce ta yunwa kawai, a tsiyaye a ciyar. Amma gashin funfuna kore ko baƙi, ko launin ja ko na ruwan goro a saman ƙullu, ko yauƙi, ko warin ruɓa, duk suna nufin a zubar gaba ɗaya a wanke mazubi da tafasasshen ruwa, kuma kwashe saman a yi amfani da ƙasan ba dabara ba ce, domin abin da ido ya gani kaɗan ne daga abin da ya ratsa ciki. Kokon da aka dama da tafasasshen ruwa sannan aka sirka da ruwan rijiya da ba a dafa ba ya rasa kariyarsa. Mafi haɗari kuma shi ne gubar aflatoksin, wadda wata funfuna take bari a masara da gyaɗa da ba su bushe da kyau ba, wadda take lalata hanta tana kuma tauye girman yara, kuma tsami da wuta ba sa kawar da ita gaba ɗaya. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, wadda aka kafa a 1967 kuma take kan hanyar Oyo dab da Ojoo, ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da manomi yake watsawa a gona domin rage gubar tun daga tushe. Abin da ke hannun mai kamu shi ne ta tsince hatsin da ya sauya launi ko ƙwaro ya huda, ta zubar da wanda ya taso saman ruwa lokacin wanki, kada kuma arha ta ruɗe ta ta sayi masarar da ke warin laima. Ga iyaye masu yaye da koko akwai ƙarin tunatarwa, cewa tacewa tana tafiya da wani kaso na furotin, shi ya sa tun wajen 1970 cibiyar binciken masana'antu ta tarayya da ke Oshodi a Legas ta fito da kamun da aka haɗa da waken suya, kuma gyaɗa mai kyau ko madara tana yin irin wannan gyara a gida.

Akwai tambayar da wasu masu tsantseni suke yi game da ɗan warin da ke tashi daga ƙullun da ya daɗe, ganin cewa yis yana fitar da barasa kaɗan tare da iska. Adadin da ke cikin ƙullun waina ko burodi ƙanƙani ne, mafi yawansa yana tashi da zafin tanda, kuma ba ya kusantar sa maye, wanda shi ne dalilin haramcin giya. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa yana sha har zuwa yammacin kwana na uku, abin da ya wuce haka ba ya ajiye shi, kuma darasin da masu girki za su ɗauka a nan shi ne cewa abin jiƙo yana da wa'adi, kuma kunun zaƙi da makamantansa masu sukari, waɗanda ba a sake dafawa kafin a sha, su ne suka fi buƙatar a kiyaye musu shi.

Matar da irinta ya mutu, ko wadda ba ta taɓa ajiyewa ba, hanya mafi kusa gare ta ita ce ta aika yaro maƙwabta ya karɓo ludayi guda, kamar yadda a dā ake aikawa a ɗebo wuta. Idan ba a samu ba, sai ta jiƙa shinkafa ko gero ta markaɗa a injin da aka ɗauraye daga wake da barkono, ta zuba masa ɗan ruwan tsamin kamu ko cokali biyu na nono mai kyau, ta rufe da yadi, ta riƙa ƙara masa ɗan gari da ruwa kowace safiya. A yanayin Badun, zuwa kwana na uku ko na huɗu yakan fara kumfa yana ƙamshi, kuma toyin farko da na biyu ba lalle su yi kyau ba, domin sai an zagaya da iri sau da yawa kafin halittun da suka dace da gidan su zauna su kori sauran.